Malam Isyaku, Wanda Ya Tsaya wa Burtali

Ranar Talata da hantsi ina kara, kasuwar shanu, ina duba haƙoran wani bijimi da ake ciniki, sai wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Malam Isyaku. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Baba Haruna, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san yana kwance a asibiti nan Azare, na kuma san jikin ya yi nauyi, amma duk da haka sai da na nemi wuri na zauna. Kafin in isa gidansa labari ya riga ya kai rugage. Na iske Fulani da manoma cike da ƙofar gida, wasu ko sandunansu ba su ajiye ba.

Malam Isyaku malamin dabbobi ne. A ƙarƙashinsa na fara aiki, shi ya koya mini kama saniya da yin allura, kuma shekaru masu yawa muna zaga ƙasar Katagum a kan babur ɗaya, daga gefen Udubo har iyakar Misau. Wata rana mun yi tafiya mai nisa zuwa wata ruga, da muka buɗe akwatin magani sai muka ga ƙanƙara ta narke, rigakafin ya lalace. Na ce mu yi allurar hakanan, ba wanda zai gane. Bai yi mini faɗa ba. Ya kira mai rugar, ya yi masa bayani da Fulatanci, ya zubar da maganin a gabansa, muka dawo bayan kwana uku da sabo. A hanya ya ce mini, "Haruna, saniya ba ta da bakin kai ƙara, shi ya sa haƙƙinta ya fi nauyi."

Bayan ya yi ritaya mun zaci zai huta. Sai maganar burtali ta taso. A yankinmu akwai tsohon burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya tun zamanin kakanni. Wata damina aka wayi gari an kafa turaku a tsakiyarsa, an yanka shi fuloti-fuloti. Da aka bincika sai aka ji ciyaman na ƙaramar hukuma a lokacin ne ya amince, tare da kansilolin mazaɓu uku da burtalin ya ratsa. Shanu suka rasa hanya, suka fara faɗawa cikin gero da wake. Ba a yi wata guda ba aka sari wani makiyayi a kafaɗa, aka kuma ƙone rumbun wani manomi. Mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya suka fara kwana da kwari da baka.

Malam ya rubuta takarda, ba amsa. Ya je sakatariya sau da dama, yana zama a kan benci daga safe har la'asar, kullum a ce masa ciyaman ya tafi Bauchi. Daga nan ya nemi wani lauya, wanda ya bayyana masa cewa ciyaman dai kansiloli ne ke iya tsige shi, amma kansila, waɗanda suka zaɓe shi suna da ikon yi masa kiranye, wato su dawo da shi gida kafin wa'adinsa ya cika. Sharaɗin shi ne fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a kaɗa ƙuri'a. Lauyan ya ƙara da cewa shi bai taɓa ganin an kai ƙarshen irin wannan ba. Malam ya ce, "To, mu ma ba mu taɓa ganin an sayar da burtali ba."

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne ɗaya daga cikin kansilolin uku ɗan ƙanwarsa Hajiya Asabe ne. A gidan Malam yaron ya tashi, shi ya sa shi makaranta. Ina zaune a zaure ranar da Hajiya Asabe ta zo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ɗanka ne fa. Kai za ka tona masa asiri a bainar jama'a?"

Ya ce, "Asabe, sau uku na kira shi cikin ɗakin nan, daga ni sai shi. Na ce ya janye hannunsa, ya ce ba zai ɓata da ciyaman ba. Gobe in aka kashe wani a kan hanyar nan, da wane baki zan yi wa iyayensa ta'aziyya?"

Ta ce, "To, ka cire sunansa, ka bi sauran biyun."

Ya ce, "In na cire nasa, na zama irinsu."

Ta juya ta tafi. Ya ce in miƙo masa takardun kiranyen mu ci gaba.

Ni ne na riƙe takardun sa hannu, tare da Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare 'yar kudancin Bauchi wadda ta tsufa a cikinmu, ita ke shiga gidaje wurin mata. Muka bi kasuwanni, muka bi masallatan Juma'a da coci, muka bi rugage. Malam yakan kafa tebur a ƙarƙashin bishiya, ya karanta abin da takardar ta ƙunsa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya ce duk wanda bai gamsu ba kada ya dangwala. Na ga manomin da aka ƙone wa rumbu da yayan makiyayin da aka sara sun tsaya layi ɗaya, kowa riƙe da katinsa. Ba su yi wa juna magana ba, amma tun daga makon nan ba a sake zubar da jini ba.

Ana saura kwanaki kaɗan mu miƙa takardun, muka lura a mazaɓu biyu ba mu kai rabi ba. Sai ga wani ɗan siyasa daga ɓangaren adawa ya kawo mana takardu cike da sunaye da dangwale, ya ce taimako ne. Malam ya sa tabarau, ya bi layi-layi, ya tsaya a kan sunan wani dattijo da mu biyu muka yi wa sallar gawa bara waccan. Ya tattara takardun ya mayar wa mutumin. Da ya fita na ce, "Malam, su da suka yanka burtalin, da gaskiya suka yi? In muka ƙi wannan, mun faɗi."

Ya ce, "Mun ce sun ci amanar jama'a. In muka sa matattu suka dangwala, mu kuma amanar wa muka riƙe? Gara mu faɗi da sunayen rayayyu."

A mazaɓu biyun kuwa mun faɗi. A ta uku, mazaɓar ɗan ƙanwarsa, sunaye sun isa, kuma ranar tantancewa mutane suka fito da katunansu, har da tsofaffin da aka ɗauko a amalanke. Wannan fitowa ita ta girgiza sakatariya. Kafin a sa ranar ƙuri'a majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta soke rabon filayen, aka turo ma'aikata suka tumɓuke turakun. Maganar ƙuri'ar ta yi ta ja har wa'adinsu ya ƙare. Don haka gaskiyar magana ita ce ba mu sauke kowa ba. Amma burtali yana nan, kuma a zaɓen da ya biyo baya babu ɗaya daga cikinsu da ya dawo. Waɗanda suka gaje su yanzu sukan zo da kansu su zauna a gaban jama'a in an kira su, domin sun san mutanen nan sun iya hanyar kiranye.

Abin ya ci masa zumunci. Sallah biyu Hajiya Asabe ba ta taka gidansa ba, ɗanta kuma in ya hango shi sai ya sauya hanya. Malam bai daina aika musu da naman layya ba, ko da ana dawo da shi. Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da azahar ina gefen gadonsa sai ga tsohon kansilan, ɗan Hajiya Asabe, ya shigo, ya durƙusa ya ce, "Kawu, ya jiki?" Malam ya kama hannunsa ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Iyakar abin da suka ce ke nan a kan duk abin da ya wuce. Daga ranar shi ya riƙa jinyarsa, Hajiya Asabe ma ta dawo tana zuwa duba shi, kuma ɗan nata ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ya Allah, ga bawanka Isyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya Ladi haƙuri, da Hadiza da ƙannenta, da Hajiya Asabe wadda ta rasa yayanta bayan ta dawo gare shi. Ka tsare zumuncin da ya bari a ɗinke. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, hannunmu ba ya riƙe da haƙƙin kowa, mutum ko dabba. Amin.