Telan Da Ke Auna Bango

Yaya Tela ɗan yayar babata ne, kuma a zamaninsa babu mai yanka riga kamarsa a layinmu. Kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka. Shi da ƙanwarsa Auta suke zaune a tsohon gidan mahaifinsu. Wata shekara da aka yi ruwa mai yawa, bangon kicin ya rufto kan mahaifiyarsu, Auta na tsaye da tire a hannu tana kallo. Tun ranar ba ta koma daidai ba. Cewa take bangayen gidan tafiya suke a hankali, wata rana za su haɗe su matse su. Kuma ba ta yarda ta fita, wai in ta juya baya za su rufe da yayanta.

Na ce a kai ta asibiti. Ya ce, "Ke dai bari, ƙanwata, ni zan lallaɓa ta." Lallaɓawar kuwa ita ce, kullum da safe ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya durƙusa ya auna falo daga bango zuwa bango, ya ce mata, "Kin gani? Yadda yake jiya." Sai ta iya cin abinci.

Ya rufe shago ya dawo da keken ɗinkinsa gida. Wadda zai aura ta gaji da jira ta kama gabanta, ni ban ga laifinta ba. Masu kawo ɗinki suka janye, ya rage sai ni da nacina.

Bayan shekaru na je na tarar da gidan duhu da rana tsaka. Sun jawo kabad sun tokare bango har ya toshe taga, ga gado, ga tebur, har keken ɗinkin an jingina. Warin danshi ko'ina. Auta na zaune a ƙasa ta manna bayanta da bango tana turawa, gumi na zuba. Yaya ya ja ni gefe. "Falon ya ragu," ya ce. "Da hannuna na auna. Ashe gaskiyarta ce, ni ne ban yarda ba." Innalillahi! Da mutum ɗaya nake kuka a kai, yanzu na biyun ma zai kuɓuce mini.

Na yi faɗa, na yi roƙo, na kawo dattawa, ya ƙi buɗe musu ƙofa. Karɓa-karɓa suke yi wajen tura bango, ya rame har riga na yawo a jikinsa.

Rannan idona ya faɗa kan tef ɗin. Ya koɗe, ya saki kamar tsohuwar robar wando. Shekara da shekaru ana jan sa, ai dole ya miƙe, in ya miƙe kuwa dole awo ya ragu. Da gudu na sayo sabo, na shimfiɗa su gefe da gefe a gabansa. Tsohon ya zarce. "Yaya, don girman Allah auna da wannan!"

Ya durƙusa ya auna, ya sake aunawa. Falo na nan yadda mahaifinsu ya gina shi. Na fashe da kukan murna, ina cewa a buɗe taga, a fito da keke.

Shi dai yana durƙushe. Ya dubi kabad, ya dubi furfurar Auta, ya dubi hannuwansa.

"In bai taɓa matsowa ba," ya ce a hankali, "to mu me muka yi da rayuwarmu?"

Ya naɗe sabon tef ɗin tsaf ya sa mini a hannu. Ya je ya taɓa kafaɗar Auta ya ce ta tashi ta huta, ya zauna a gurbinta, ya manna bayansa da bangon.