Ƙullutun Bayan Yaye

Shekarar da masara ta gagari talaka na yaye ɗana na biyu. Aka kai shi gidan kakarsa kamar yadda aka saba, ni kuma na zauna da nono ya cika tam. Da kumburin ya sauka, sai na taɓo ƙullutu a na hagu, kamar ƙwayar gurjiya. Sankarar mama ce ajalin gwaggona, kuma ni na yi jinyarta.

Mai ya yi tsada, don haka a bayan keke maigidana ya kai ni asibiti a Bici. Likitar mace ce. Ta lalluba, ta haska da na'ura, ta dube ni.

"Kin san ƙwayoyin halitta?"

"Mun yi a sakandare, likita."

"To masu haɗa nono, saƙo ne ke riƙe da su. Muddin yaro na tsotso, jiki na ce musu ku zauna. Ya daina, saƙon ya yanke, sai su mutu da kansu cikin tsari, jiki ya share wurin. Ƙwayar da ta lalace ma haka take yi. Sankara ita ce wadda aka sallama ta ƙi tafiya, ta yi ta hayayyafa. Naki dai ragowar nono ne ya taru. Amma ki dawo in sake gani."

Wayyo daɗi! A hanya, tsakanin gonakin dawa, ina hamdala ina dariya har keken na tangaɗi.

"Ke, za ki zubar da mu a kunya!" in ji Malam.

"Malam, ashe har mutuwa akwai ta rahama!"

Daga ranar, in ina tankaɗe sai in leƙa cikin rigata in ce, "Kun yi aiki, Allah ya saka, a sauka lafiya." Surukata ta kama ni.

"'Yar nan, da wa kike magana?"

"Baƙi nake sallama, Inna."

Ta tafa hannu, ta ce yunwar bana ta fara taɓa mutane.

Da na koma, likita ta nemi ƙullutun ta rasa. Ban ko biya gida ba, na zarce wajen ɗana. Yana hango ni ya sheƙo, ya cusa hannu a wuyan rigata.

Na rungume shi, hawaye da dariya tare. "Haƙuri, ɗan malam. Kasuwa ta tashi."