Yadda Na Hau Tsamiya Ƙirgen Shanun Kawu

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ara mani fili in faɗi wani abin kunya da na aikata, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irinsa. Alfarma ɗaya nake nema, a sakaya sunana, don waɗanda suka sani ma sun ishe ni.

A lokacin ban daɗe da gama digiri na uku a fannin nazarin zamantakewa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina ƙwarai. Duk wanda ya kira ni bai sa Dakta a gaba ba, sai in yi kamar iska ce ta wuce. Ni ɗan Zakka ne a ƙasar Safana. Mahaifina manomi ne, ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, Bafulatana ce, kuma yayanta, Kawu, yana zaune da shanunsa a wata ruga kusa da Babban Duhu. Shi ya ɗauke ni tun daga firamare har inda boko ya ƙare. Sai dai tun da na shiga makarantar kwana, zuwana gida ya koma daga sallah sai sallah. In zo in sha fura, a yi mani kirari, in juya. Da wannan ɗan leƙen nake ganin babu wanda ya kai ni sanin mutanenmu.

Ana nan sai wata jami'a ta fitar da sanarwar gurbin bincike na shekara biyu ga waɗanda suka gama digiri na uku. Na zauna na tsara takarda a kan yadda rashin tsaro ya taɓa rayuwar makiyaya da manoma a Batsari da Safana. Ranar ganawa da kwamiti, wani Farfesa mai furfura ya tambaye ni ta yaya zan sa mutanen da suke cikin tsoro su saki baki da ni. Na gyara zaman hula na ce ai ni ɗan gida ne, nonon shanunsu na sha na girma, abin da za su ɓoye wa baƙo ni a tafin hannu za su ɗora mani. Daga baya na ji cewa wannan magana ita ta ba ni gurbin, don akwai wata da ta fi ni takardu, amma ita ba ’yar yankin ba ce. Wato duk jarina a wannan aiki kalma biyu ce, ɗan gida.

A ofis mai sanyi muka tsara fom ɗin tambayoyi ni da Farfesan nan, wanda aka ɗora wa kula da aikina. Tambaya ta bakwai ita ce, shanu nawa gare ka. Wallahi na san makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Na sani sarai. Wasu na ganin ƙirge yana jawo baki dukiya ta lalace, tsofaffi ba su manta da zamanin jangali ba, ga kuma ɓarayin shanu da suka hana kowa sakat a yanzu. Amma na ce a raina wannan camfi ne, kuma ko ba camfi ba ne, ai ba da ni ake ba.

Na hau akori-kura daga Batsari, na ƙarasa a kan babur, sanye da wata ’yar shara mai aljifai rututu, katin jami'a yana lilo a wuyana. Na tarar da Kawu a inuwa da dattawa huɗu. Maimakon in zauna a gama gaisuwa a tsanake, a tambayi gida da ruwa da dabbobi, sai na gutsure ta a tsakiya na zaro fom. Na ce da shi zan fara don albarka. Da muka zo tambaya ta bakwai na karanta da ƙarfi, a gaban mutane. Kawu ya dubi sandarsa, ya ce alhamdu lillahi. Na ce na'am, mun gode Allah, amma guda nawa? Ya ce suna nan. Na nuna mashi ɗan akwatin da ke jikin takardar, na ce lamba ake sa wa a ciki. Sai ya juya ya tambayi na kusa da shi ko an yi ruwa a wajen Runka jiya.

Kwana goma ina yawo ruga ruga, amsa ɗaya nake kwasowa. Wannan ya ce sai godiya, wancan ya ce ’yan abin da ba a rasa ba. Wani tsoho ya rantse mani shi ko akuya ba ya da ita, alhali muna maganar da ƙyar nake jinsa saboda kukan shanu a bayan bukkarsa. Na nuna su, ya ce na ƙanensa ne. Na je wurin ƙanen, ya ce na yayansa ne. Da na hau tudu na sami sabis na kira Farfesa na karanta mashi amsoshin, sai ya ce kwamfuta ba ta san yadda ake lissafa alhamdu lillahi ba. Ya tuna mani abin da na faɗa a gaban kwamiti, ya ƙara da cewa in ƙarshen wata ya yi babu lambobi, to ita waccan mai takardun har yanzu tana jira.

A nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce tun da ba za su faɗa ba, ai ina da ido. Akwai wani tafki da duk rugagen wurin suke shayar da dabbobi da hantsi, a bakinsa akwai wata tsohuwar tsamiya. Na riga kowa zuwa, na tuɓe takalma, na haye. Rabona da hawa bishiya tun ina aji uku, ga tumbi ya fara fitowa, amma na lallaɓa na sami reshe na daidaita. Garke na zuwa sai in ɗauki hoto da waya, in nuna da biro ina ƙirgawa, in rubuta sunan mai su da lamba. Har da zana taswira, ina ɗiga jan biro a inda kowace ruga take. Shanu kuwa ba sa tsayawa a layi. Na Kawu sau uku ina ƙirga su, na sami talatin da ɗaya, na sami ashirin da takwas, na sami talatin da huɗu, sai na ɗauki na ƙarshe don ya fi kyan gani. Ina cikin haka cinnaka suka sami hanya ta ƙafar wando. Ina mutsu-mutsu ina sosawa, wandon ya kama wani tsinke ya yage tun daga baya har gwiwa. Na yunƙura in sauka, sai ga wani bijimi ya zo ya tsaya a gindin bishiyar yana soshe wuya, ya ɗago ya kafa mani ido kamar ya san abin da nake yi.

Ashe wasu mata masu tallan nono sun hango mutum a sama yana nuna dabbobi da tsinke. Kafin bijimin ya gaji, ’yan sa kai sun kewaye tsamiyar da bindigoginsu na gargajiya. Suka ce in sauko. Na ce a fara korar bijimin. Na sauko hannu ɗaya a sama, ɗaya yana riƙe da bayan wando. Edita, a nan dariya ta ƙare mani. Suka buɗe waya, hotunan shanu. Suka buɗe littafi, sunaye da lambobi da taswira. A yankinmu mutum ɗaya ne yake tara irin waɗannan abubuwa, shi ne mai kai wa ’yan bindiga rahoto, kuma kowa ya san yadda ake ƙarewa da shi. Na ga fuskokinsu sun canza. Cikinsu akwai wanda aka kore wa garke gaba ɗaya a bara, shi kallona kawai yake. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, Daktan nan duk ya zube.

Allah ya sa babbansu mai hankali ne, ya ce a kai ni ƙofar mai gari. Kafin mu isa gari ya cika. Na miƙa katin jami'a, mai gari ya juya shi sama da ƙasa ya ajiye. Ya tambaye ni a natse wa zan kai wa wannan lissafi. Na ce Farfesa. Ya ce shi kuma ya kai wa wa? Na ce kwamiti. Ya ce daga nan fa? Ni da bakina, don in nuna aikin babba ne, na ce daga nan sai a buga a sa a intanet, duk duniya kowa ya gani. Wurin ya ɗauki salati gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce shi ke nan an gama da su. Da na ga abin yana ƙara lalacewa sai na jawo jarina, na ce ni fa ɗan gida ne, ɗan ƙanwar wane ne. Mai gari ya ce to a kira wanen, in ya ce nasa ne, a ji, in ya ce bai sani ba, su sun san abin yi.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Na tuna yadda na kunyata shi a gaban dattawa, na ce yau in ya juya baya ma bai zalunce ni ba. Ya iso a hankali da sandarsa a kafaɗa. Ya gaida mai gari, ya gaida liman, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar masu jiki, ni kuwa ko inda nake bai duba ba. Mai gari ya ce wannan naka ne? Kawu ya ce a tambaye ni nawa na rubuta a gaban sunansa. Na ce talatin da huɗu. Ya ce a nuna mashi hoton. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa mai gari waɗannan na gefe na maƙwabcinsa ne, wancan na bayan kuma da aka haɗa da shi jaki ne. Ya ce masu kai rahoto sun san aikinsu, babu ɓarawon da zai ɗauki mutumin da bai bambance saniya da jaki ba. Ya ce wawa ne, amma nasu ne, shi ya rene shi, in akwai laifi a ɗora a wuyansa. Dariya ta ɓarke har da masu bindiga. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. A gabana aka yage shafukan aka sa a wuta, aka goge hotunan, liman ya ara mani zane na ɗaura na tafi gida.

Amma abin bai tafi a banza ba. Mutane suka daina shayarwa a tafkin nan na wani lokaci, suna zagaye mai nisa da dabbobi a cikin rana, saboda ba su tabbata hotunan ba su riga sun tafi ba. Inna ta yi kuka ta ce na sa ana nuna ta da baki. Kawu kuma kwana uku bai ce mani uffan ba. A rana ta huɗu da safe, ana tatsa, ya yafuto ni zuwa garke. Ya dafa wata ja ya ce uwar wannan ita ta tafi kasuwa shekarar da na shiga makarantar kwana. Ya nuna wata mai farin goshi ya ce yayarta ta tafi da na sami jami'a. Ya nuna wata mai karyayyen ƙaho ya ce tagwaye ta taɓa haifa, duka biyun digiri na biyu ya ci su. Haka ya bi su, kowace da tarihinta, kowace akwai wata tata da ta bi ni makaranta. Saura kaɗan in ce to duka nawa ke nan, Allah ya kama bakina. Shi ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da na zo, ya tambaye ni ko na taɓa jin ya faɗa wa wani guda nawa ya sayar a kaina. Na ce a'a. Ya ce to. Ya ci gaba da kunce maruƙa. Na tsaya a cikin kashin shanu da digirina uku ina hawaye.

Na koma na faɗa wa Farfesa gaskiya, har da wando. Ya yi faɗa, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce mu cire tambaya ta bakwai, in koma in zauna in saurari abin da mutane suke son faɗa da kansu. Gurbin bai kuɓuce ba, amma sai da na yi wata biyu ina gaisuwa kawai kafin wani ya yarda ya zauna da ni. Har gobe in na sauka a babur sai an tambaye ni ko a share mani tsamiya.

Ga ’yan uwana masu neman irin wannan gurbi, ku nema, alheri ne. Amma kada ku rubuta cewa ku ’yan gida ne alhali gaisuwar gidan ma ba ku iya ƙarasawa. Kafin ku sa tambaya a fom, ku tambayi kanku hannun wa amsar za ta iya faɗawa, don ku za ku koma ofis, su kuma a nan za su kwana da iyalinsu da dabbobinsu. In mutum ya ce maku alhamdu lillahi, ya amsa, ku rubuta haka. Ni dai an ce na ƙware a bincike, amma har yau ban san shanu nawa Kawu ya sayar a kaina ba, kuma ba zan tambaya ba.