Goggo Riskuwa da Rijiyar Yashi

Ana sallame sallar asuba a Gulma, Goggo Riskuwa tana bakin jigo. Ta ja ruwa ta kora wa albasa, ta bi fangali tana buɗe wannan tana toshe wancan da ƙafa, ta tsinke ganyen alayyafon da tsutsa ta ci. Ƙanwar mahaifina ce, kuma lambun nan na fadama shi ke riƙe da tukunyar gidanmu tun da ciwo ya kwantar da mahaifin nawa.

Idan bazara ta tsaya, ruwan rijiyar lambu yakan gudu ƙasa, dole a shiga a yashe. Ƙasar wurin yashi ce, ba ta ɗaukar mai nauyi, saboda haka mai ƙaramin jiki ke sauka. Akan ɗaura wa Goggo igiya a ƙugu, ta sauka da ƙwarya, na sama kowa ya kama bakinsa don ta ji yashi in ya fara zuba. Wannan shirun ya fi kome ba ni tsoro.

Shekarar farin da gulbin Rima ya koma rairayi, maƙwabta suka haƙura, lambunansu suka ƙone. Ina gida hutun makaranta, na gani da idona. Goggo ta sauka, ƙanenta, Baba Usmanu, ke riƙe da igiya. Can muka ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Usmanu, jawo ni. Sannu-sannu, kak ka fizga."

Ƙafarta na fita, gefen rijiyar ya rufta. Ita kuwa ta karkaɗe zanenta, ta leƙa ramin ta ce, "Ƙwaryata ta tai."

"Yaya, don Allah a bar lambun ga haka nan," in ji Baba Usmanu.

"A bar shi mu ci mi? Kai da miyarshi ta ajiye ma tumbi, tai ka ɗauko dagi."

Kafin la'asar sun fara gina wata a gefe, washegari ita ce ta sauka. Albasar ta kai.

Goggo, ke ce uwar lambu. Kin san tsoro, na ga leɓenki yana motsi da addu'a duk lokacin da za ki sauka, amma ba ki taɓa tura ɗan wani ba. A makarantarmu ta Birnin Kebbi akwai masu ce mini ɗiyar masu lambu suna dariya. Su ƙara faɗi, ina amsawa.

Bana gwiwa ta hana ki sauka, ruwa kuwa har ya fara ja baya. Mun gode, Goggo, Allah Ya saka miki da alheri. Samari da 'yan matan Gulma, ku zo ku koya tun tana da bakin koyarwa. Ni dai na riga na ce mata zan sauka, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba.