Tarihin 'Yan Ƙofa Biyar

Mu takwas ne a ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata na Sanaiya, gadaje huɗu masu hawa biyu, kuma dukanmu masu gadi ne ban da direban bas ɗin da ke kai mu aiki. A wannan ɗakin aka haifi 'Yan Ƙofa, labarinmu na zanen barkwanci. Har yau in na haɗu da wanda ya yi zaman Doha a shekarun nan, yakan tambaye ni ko ni ne na rubuta 'Yan Ƙofa. Nakan ce ni ne, sannan in yi maza in canza magana.

Wanda ya fara abin wani Bazazzagi ne, siriri, marar son surutu, wanda a gida zanen allunan shaguna ne sana'arsa. Wata Juma'a mun dawo daga masallaci, kowa ya baje a gado yana latsa waya, sai ya yagi murfin kwalin ruwa ya zana direbanmu yana naɗe titi kamar tabarma, ga bas a hammatarsa. A saman kan direban ya bar wani zagaye babu komai a ciki, wurin da ake rubuta abin da mutum ke faɗa. Mu ƙwai muke ce wa wannan zagayen. Ya miƙo min kwalin ya ce, "Malam, kai ne ɗan boko, cika mana ƙwan nan." Na rubuta abin da direban ke faɗa mana kullum da safe: "Yalla, maza, wanda bai shigo ba ya taho a ƙafa." Aka yi ta dariya, har direban ya karɓe kwalin ya manna a jikin gadonsa.

Kafin wata guda jaruman sun zama biyar. Ga direba mai naɗe titi. Ga wani ɗan Gusau da usur ɗinsa ke daskarar da ɓarawo a inda yake. Ga wani mai ƙiba da ke shanye zafin rana ya huro sanyi, alhali a zahiri shi ne ya fi kowa gumi. Ni aka ba ni idon da ke ganin abin da ke cikin kowace jaka, na kuma yi ƙorafin cewa an rage min tsawo. Abokan gabarmu ba daga sama suka faɗo ba. Akwai Sarkin Kuɗin Cizo da rundunarsa, akwai wani dodo mai fuskar agogo da ke cin ranakun hutu, wanda kowa ya gane kamanninsa amma babu wanda ya taɓa furtawa. Daga kwali muka koma bayan tsofaffin takardun rajistar baƙi, daga nan mai zanen ya je kasuwar Asian Town ya sayo littafin zane da biro kala-kala. Duk Juma'a sai a fitar da shafi huɗu, a ɗauki hotonsu, a tura guruf ɗinmu na waya. Daga nan suke yaɗuwa zuwa sauran ɗakuna da wasu masaukan, har gida Najeriya.

Na biyar ɗinmu shi ne dattijon ɗakin, wanda muke kira Kawu. Ya haura hamsin, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, kuma a littafin sunansa Ginshiƙi, wanda in ya tsaya a ƙofa babu abin da ke gusar da shi. Mai zanen yana ƙaunarsa, kuma ana ganin hakan a hannunsa, don duk cikinmu babu wanda yake zanawa da kyau kamar Kawu.

Kawu bai yi boko ba. Alƙur'ani yana kansa, yana jin Larabci, ya san lambobi, ya haddace 'yan kalmomin Turancin da aiki ke buƙata, amma rubutun boko ko na Hausa ne ba ya iya haɗa shi. Saboda Larabcinsa da furfurarsa aka ajiye shi a harabar wani bene a unguwar Mushairib, cikin sanyin esi, yana gaisa da masu kwat. Ni da takardar shaidar malanta ina tsaye a ƙofar wani sito, rana na dafa min ƙwaƙwalwa, tireloli na watsa min ƙura. In kuma rubuta rahoton aiki ya kama shi, ni yake kira, in tura masa a waya ya kwafa harafi bayan harafi. Sannan in mun dawo ya yi min nasiha a kan sallar da na makara. Wannan abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushinsa, kuma haushin da ya fi ƙona ni shi ne bai taɓa yi min laifin da zan iya nunawa ba.

In an gama shafi, sai ya matso gefen gadona ya ce, "Ɗana, me na ce a nan?" Ni kuma in karanta masa. Makonnin farko gaskiya nake karantawa. Rannan mai zanen ya kawo hoton Ginshiƙi ya tallafe bene da bayansa, mutane na gudu ta ƙarƙashin hannunsa. Na rubuta a ƙwan, "Wayyo bayana, wa zai shafa min man zafi?" Da Kawu ya tambaya, na gyara murya na ce, "Ku fita duka, ni zan riƙe." Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Direba ya cusa fuska a filo, kafaɗunsa na rawa.

Wannan shafin ya fi duk na baya yawo. Mutanen da ban sani ba suka riƙa turo saƙo suna tambayar me Ginshiƙi zai ce a mako mai zuwa. Daga nan na samu abin yi. Hoto ya nuna jarumi, rubutu ya nuna wawa, kuma duk mai karatu ya san shi jarumin bai san abin da aka sa a bakinsa ba. Nan daɗin yake. Na sa ya ce ya shekara yana gadin ƙofar da aka rubuta wa "an rufe har abada". Na sa ya ce, "Ni ban san A ba, ban san B ba, ku nuna min inda zan dangwala yatsa." A wurin cin abinci samari kan ɗaga masa hannu su ce, "Ginshiƙi, Allah ya ƙara ƙarfi," shi kuma ya amsa da fara'a. Sau ɗaya mai zanen ya ce min, "Malam, abin nan fa ya fara yawa." Na ce in ya iya ya rubuta da kansa. Juma'a ta gaba ya kawo min shafuka da ƙwayayensu a buɗe.

Na san inda Kawu ke tura shafukan, kada wani ya ce ban sani ba. Yana da 'ya a gida, shekararta sha ɗaya ko sha biyu, ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta shiga makarantar boko, kuma ita ce bakin maganarsa safe da yamma. Ta yi na ɗaya a ajinsu. Ta karanta wa uwarta takardar asibiti. Duk Juma'a yakan tura hotunan zuwa wayar uwarta, sannan ya danna ya yi magana: "Kin ga babanki yau?" Amsar takan dawo a gajarce: "Na gani, Baba." Na ji wannan amsar ya fi sau goma. Na gaya wa kaina yara hoto suke kallo.

Ana nan sai masu karatu suka fara neman asalin kowane jarumi, yadda ya samu ƙarfinsa. Muka yi na direba, muka yi na mai usur. Da aka zo kan Ginshiƙi, mai zanen ya zauna da Kawu ya tambaye shi labarin ƙuruciyarsa. Ashe dako ya yi a kasuwar hatsi shekara da shekaru. Ya ba mu labarin ranar da tarin buhuna ya zame zai danne wata tsohuwa mai tsintar hatsi, ya tare da bayansa har ta rarrafa ta fita. Tun daga ranar bayansa bai ƙara komawa daidai ba. Ya faɗa ne kawai, ba tare da yabon kai ba, yana ɓare lemo.

Mai zanen ya yi kwana biyar a kan shafukan nan, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamarsu ba. Saurayi ne a ciki, jijiyoyin wuya a miƙe, buhuna a kansa, tsohuwa a ƙasa ta ɗago ido. Na karɓa na rubuta cewa asalin Ginshiƙi jakin kasuwa ne, da ya tsufa aka ɗinka masa kaki aka hau da shi jirgi. A ƙwan tsohuwar na sa, "Wa ya saki jakin nan?" A nasa na sa kukan jaki. Da Kawu ya matso, na karanta masa: "Iya, rarrafa ki fita, Allah ne ke riƙe da shi, ba ni ba." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wallahi kusan haka na ce mata."

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tura shafukan, ya danna waya ya ce wa 'yar tasa, "Yau ki karanta min da bakinki, ki turo, 'yan ɗakinmu su ji karatunki." Direba ya tashi ya ce zai duba mai a bas, Kawu ya kamo hannunsa ya zaunar da shi.

Bayan la'asar saƙon ya shigo. Kawu ya ƙara murya ya ɗora wayar a kan kwalin da muke cin abinci. Muryar ƙarama ce, a natse. Ta karanta kan labarin daidai, "Asalin Ginshiƙi", ba gargada. Sai ta yi shiru, har muna jin kaji a bayanta. Sannan ta ci gaba a hankali: "Ginshiƙi mutum ne mai ƙarfi tun yana yaro. Kowa a kasuwa yana girmama shi. Tsohuwa ta ce, na gode, ɗana. Shi kuma ya ce, ba komai, kada ki ji tsoro."

Babu ko ɗaya daga cikin maganganun nan a takardar, kuma mu bakwai mun sani. Yarinya ce ke ƙirƙira a tsaye, tana tsayawa tana nemo kalma, don ta rufa wa ubanta asiri a gaban mutanen da ta san su suka zage shi. A nan na gane wata huɗu ke nan tana karanta duk abin da na rubuta, tana cewa "Na gani, Baba."

Kawu mahaddaci ne, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Ya ɗaure fuska ya juyo gare ni. "Ɗana, ba haka ka karanta min ba. Ina maganar Allah ne ke riƙe da shi?"

Mai zanen ya sunkuyar da kai. Da na buɗe baki na faɗi gaskiya a lokacin, da na sha mari, ko a daina yi min magana wata guda, shi ke nan. Amma tsoro ya kama ni, tsoron ƙaton nan da tsoron kunya. Na ɗauki shafin, na bi layukan da yatsa, na maimaita ƙaryata kalma bayan kalma. Sannan na ce, "Yara ne, Kawu. Karatun makarantun yanzu sai a hankali. Hoto take kallo tana cankar magana."

Babu wanda ya ƙaryata ni. Su shida, babu ko ɗaya.

Kawu ya kira gida nan take, kuma bai fita waje ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa yarinyar murya ba sai ranar. Ya ce yana tsaye awa goma sha biyu a ƙasar mutane da ciwon baya saboda ita. Ya ce ya cika wa jama'a baki da karatunta, ashe shaci-faɗi take yi. Ya tambaye ta ko na ɗayan da take yi ma haka ake yin sa. Duk abin da ya faɗa tana ji, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Yi haƙuri, Baba. Zan dage."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba," in ji shi. "Ga malamin da ya rubuta. Ki ba shi haƙuri, ki buɗe shafin, ya karanta miki daidai ki bi shi."

Ya ɗora min wayar a tafin hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ji numfashinta, sannan ta ce, "Ina wuni, Malam. Yi haƙuri na ɓata maka rubutu."

Na ce ba komai. Kawu ya zauna kusa da ni, ya sa yatsa a kan ƙwan da na cika da kukan jaki, ya ce mu fara daga nan. Na ce, "Iya, rarrafa ki fita." Shafin yana buɗe a gabanta, tana ganin abin da ke rubuce kamar yadda nake gani. Ta ce, "Iya, rarrafa ki fita." Haka muka bi shafi huɗu, ina faɗa tana maimaitawa, muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Da muka kai ƙarshe Kawu ya karɓi wayar ya ce mata, "To kin ji yadda masu ilimi ke karatu." Ta ce, "Na ji, Baba."