Tiyona a Gindin Dig

Ko da na so in manta da abin da na aikata shekarar korona, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na rataya jakata zan tafi lekwal, wato makaranta, sai wani ya ɗaga murya daga bakin shago ya tambaye ni labarin salati, ni kuma in yi kamar ina amsa waya. To tunda abin ya ƙi binnuwa, gara in ba da shi da bakina kafin wasu su ba da shi da ƙari.

Ni malamin firamare ne, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malami a lekwal. Asalina mutumin Tawa ne, amma na daɗe a Yamai, a wata unguwa ta ƙetaren gada, dab da kogin Isa. Tsakanin bayan gidana da kogin babu komai sai dig, wato dogon tudun jar ƙasar nan da aka tara don ya tare ruwa in kogi ya cika. Da rani ba wanda ke ganinsa da daraja. A kansa mata ke shanya, a kansa awaki ke kwana, samari kuma nan ne majalisarsu.

Da cutar ta shigo aka rufe makarantu, aka rufe masallatai, aka hana shiga da fita garin. Ni da na saba da tsawata wa yara tun safe, sai na wayi gari ba ni da wanda zan tsawata wa sai mutanen gidana. Na gyara wa matata yadda ake wanke hannu, na gyara mata yadda ake jera kwanoni, har yawan gishirin miya sai da na sa baki. A rana ta goma ta ajiye muciya ta ce in nemi abin yi, in ba haka ba, ba korona ce za ta raba mu ba. Da na duba fuskarta na ga ba wasa take ba.

Sai na ce lambu zan yi. Akwai ɗan fili a bayan gidana, na nome shi, na sayo irin salati, wato latas, da na tumatir, na yi ta cika baki cewa daga bana mun daina zuwa Petit Marché sayen ganye. Matsalar ita ce ruwa. Famfonmu sai ya ga dama yake kawowa, kogi kuwa ga shi nan ina hangensa, amma sai na hau dig na gangara na ɗebo a bokiti na sake hawowa. Kwana uku na yi ina wannan, ga azumi ga zafin bazara, bayana ya ce shi ya gama.

Nan ne basirar malanta ta motsa. Na ce me zai hana in huda ɗan rami a gindin dig in zura tiyo, in aro ƙaramin injin ban ruwa wurin ƙanen matata? Na san haramun ne, don akwai allo a kan dig ɗin da ya hana tono, kuma ni ne ma nake karanta wa mutane shi. Amma na ce wa raina ai ramin bai fi kaurin hannu ba, kogin kuma ya janye can nesa. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da azumi ya kwantar da kowa, na ɗauki dagi da dogon ƙarfe. Kwana biyar ina sassaƙa ina waige-waige, har na zura bututun roba ya fita ɗaya gefen. Ran da ruwa ya fara zuba a lambuna, wallahi ji na yi da an san ni da tuni an ba ni minista.

Salatin ya fito da ɗaci. Tumatirin kuma awakin maƙwabta suka riga mu ɗanɗanawa, suka cinye har itacen. Da aka buɗe makarantu na mai da injin, na cusa tsumma da wani tsohon takunkumin fuska a bakin bututun, na tura ƙasa a kai, na koma aji abina. Na manta da shi ɗungum.

Sai damina ta zo da abin da ta zo da shi. Kogi ya yi jajir, kullum aka tashi sai a ga ya ƙara hawowa. Rediyo ba ta da zance sai na ambaliya. Mai unguwa ya tara mu a inuwar darbejiya, kowa da takunkuminsa a haɓa, aka kafa kwamitin tsaron dig. Da yake ni ne mai alƙalami, ni aka ba sakatare, ni aka ce in yi jawabi. Allah ya yafe mini jawabin nan. Na tsaya na ce duk wanda ya taɓa dig da hannunsa maƙiyin unguwa ne, ya kamata a miƙa shi ga jandarma ko da limami ne. Aka yi mini tafi. Ina cikin jin daɗin tafin ne tiyon ya faɗo mini a rai.

Washegari da safe na leƙa bayan gida. Ƙasar tsohon lambuna ta jiƙe, alhali ba a yi ruwan sama ba. Na tona kaɗan na ga ruwa na tsattsafowa ta cikin bututun da kuma gefensa. Na cusa leda, na cusa buhu, na ɗora dutse, duk a banza. Toshewar gaske sai ta gefen kogi, bakin tiyon kuwa yanzu yana can ƙarƙashin ruwa. Ni kuma mutumin Tawa, ƙasar duwatsu, iyakar iyona shi ne wanka da bokiti.

Ruwan ba gidana ya nufa ba, gidana na siminti ne kuma yana ɗan tudu. Gangarawa ya yi ta gefen katangata zuwa gidan maƙwabciyata, wata tsohuwa mai sayar da kwaɗon zogale, wadda duk muke ce wa Inna. Mijinta ya rasu da daɗewa, ƴaƴanta suna can bakin teku neman abinci. Ɗakunanta biyu ne na laka, kuma su ne duk abin da ta mallaka a duniya. Ina kallo gindin bangonta ya fara canza launi.

Kwana huɗu na yi shiru. Ina faɗar adadin ne don kada wani ya rage mini. Kullum in fita da littafina in rubuta wa kwamiti cewa sashena lafiya lau, in taya mutane cika buhunan yashi ana jerawa a saman dig, in yi wa samari faɗa kan lalaci, sannan in dawo in leƙa bangon Inna in ga damshin ya ƙara hawa. Na yi ta addu'ar kogi ya sauka. Ba don Inna nake addu'ar ba, don kaina nake yi, wannan ita ce gaskiya kuma har yau tana ba ni kunya.

A rana ta huɗu matata ta same ni tsugune a lambu da laka har gwiwa. Ta dubi ruwan, ta bi shi da ido har bangon tsohuwar, ta dawo da idon kaina.

"Malam," ta ce, "ko ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa. Ka kuma san nawa ya fi naka nisa."

Da safe aka yi taron kwamiti. Ranar ce kaɗai a duk shekarar na sa takunkumi yadda likitoci suka ce, ya rufe hanci ya rufe baki, da da hali ma da ya rufe idanu. Na miƙe na ce akwai rami a gindin dig, da tiyo a ciki, yana yoyo zuwa gidan Inna, kuma ni na huda shi da azumi. Na tsaya ina jiran a kira jandarman da ni da kaina na ce a kira.

Can sai ladaninmu ya yi tari. A shekarar nan in mutum ya yi tari kowa darewa yake, sai aka ba shi fili. Ya gyara murya ya ce, to, tunda Mushe ya fara, shi ma akwai wani ɗan ƙarami a bayan gidansa, na albasa. Wani tela da ke da shago a kasuwar Wadata ya ce nasa na yaƙuwa ne, amma ya rantse ya toshe shi da kyau. Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce shi bai huda ba, ya dai iske ramin ɓera ne ya faɗaɗa shi. Kafin a ankara mun zama mu shida. Ashe duk lokacin da nake waige-waige da dagina ina ganin ni kaɗai ne mai wayo a unguwar, kowa yana bayan gidansa yana nasa waigen. Mai unguwa ya yi ta salati yana tafa hannu, yana cewa bai taɓa ganin mutanen banza irinmu ba.

Inna tana gefe a kan kujerarta ƴar tsugunno, da robar zogalenta a gaba. Ba ƴar kwamiti ba ce, ciniki ta zo yi. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Bakwai ne."

Aka juya gare ta. Ta ce ita ba ta barcin rana, a ƙofar ɗakinta take zama tana tsinkar zogale, duk ta ga kowa da daginsa. Ta miƙe ta dogara sandarta ta ce a biyo ta. Muka bi ta a jere a kan dig kamar ƴan aji ɗaya, tana nuna wa kowa nasa, har da ranar da ya fara. Da ta zo na bakwai ta tsaya ta soka sandar a ƙasa. Daidai bayan ayabar mai unguwa ne. Mai unguwa ya ja takunkuminsa sama, ya ce wannan aikin yaransa ne, shi bai sani ba. Telan nan sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Ni ne na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce ta faɗa. Ranar da aka kafa kwamiti ta matso ta ce tana da magana a kan dig, sakatare ya ce mata, Inna, wannan zancen maza ne, ki koma wurin zogalenki. Sakataren ni ne. Na tuna sarai, har da yadda na kaɗa mata alƙalami.

Aka kirawo wani masunci Bazabarme da ke ɗaure kwale-kwalensa kusa da mu. Da aka yi masa bayani ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, shi kifi yake kamawa amma yau ya ga manya. Ya yi ta nutsewa yana cusa itace da buhun yumɓu a bakin kowane tiyo, mu kuma muna miƙa buhunan yashi ana dannewa. Daga hantsi har la'asar muna abu ɗaya. Ladan ya yi dako, tsohon ɗan duwan ya yi dako, mai unguwa ma ya tuɓe babbar riga. Dig ɗinmu ya tsaya. A wasu unguwannin ruwa ya shiga, har ajin da nake koyarwa sai da aka sauke iyalai a ciki, amma layinmu ya tsira.

Ɗakin Inna ne bai tsira ba. Washegari da rana bangon da ya sha ruwan kwana huɗu ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah ya sa tana waje. Gadonta, akwatin kayanta, hoton mijinta, duk suka koma cikin laka. Ta tsaya tana kallo ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a gaban ɗalibaina da suka taru.

Matata ba ta shawarce ni ba, ta kwashe abin da ya saura ta kai falona. Wata biyu Inna ta yi a gidanmu, a kan kujerata ta zauna, rediyona ta riƙe, kuma kowace safiya in na gaishe ta sai ta amsa ta ƙara da tambayar ko yau akwai inda zan huda. Mu bakwai ɗin muka sake gina mata ɗakin, da bulon siminti wannan karon. Ni na ɗauki yashi a ka, yaran ajina suna kan dig suna ƙirga mini sawu da faransanci, yadda na koya musu.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Ramin da na huda da azumi wauta ce, kuma ashe wautar ta ishi mutum bakwai. Amma ba ramin ne ya kada ɗakin Inna ba. Da na yi magana ran da na fara ganin damshi, da masuncin nan ya toshe shi cikin awa guda, da hoton mijinta yana nan rataye. Kwana huɗun da na yi ina tsaron mutuncina su suka kada shi, mutuncin kuma bai tsira ba duk da haka. Yanzu in na yi ɓarna, ina faɗa tun tana ɗanya. In kuma ana taro tsohuwa ta ce tana da magana, ni nake fara cewa a yi shiru.