Kwalbatin da Yaya Lawal Ya Roƙa a Gyara

Shekara biyar ke nan cif da aka kashe yayana Lawal, kuma har yau ban huce ba. Na karɓi ƙaddara, don mai rai mamaci ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ya ga abin tun daga nesa, ya rubuta, ya kai wa masu iko, suka yi masa dariya.

Yaya ma'aikacin tsare-tsare ne, ni kuma ƙanwarsa ina koyarwa a firamare a Safana. Wata shekara aka tura shi kwas, inda aka nuna musu yadda mutanen bakin teku a wasu ƙasashe ke shirya wa guguwa. Tun kafin ta taso sun san mutum nawa za su gudu, wa ke da mota, wa sai an ɗauke shi, wace hanya za ta cushe, awa nawa kwashe gari zai ci. Da ya dawo ya ce mini, "Binta, mu ma fa muna da guguwa. Tamu a kan babura take fitowa daga daji, kuma ba wanda ya taɓa lissafa yadda za mu guje mata."

Sai ya shiga ƙauyuka da babur ɗinsa, daga Ruma zuwa Runka har Babban Duhu. Gida-gida yake bi yana tambaya: tsofaffi nawa ne ba sa iya tafiya, masu juna biyu nawa, babur nawa ke lafiya, in an ji harbi ina za ku nufa? Ya gano cewa mutane ba sa tashi lokaci guda. Mata da yara ke fara fita, magidanta kuwa sai sun tsaya kora shanu. Ya gano cewa ranar kasuwa duk a-kori-kura na barin ƙauye, ba a barin ko ɗaya. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wani kwalbati da ya rufta a kan rafi, inda hanyoyin ƙauyuka uku ke haɗuwa. Da rani ana bi ta cikin yashi, da damina kuwa sai mutum ɗaya-ɗaya ta kan guntun kankaren da ya rage.

Abu uku ya nema: a gyara kwalbatin, a riƙa barin mota a ƙauye ranar kasuwa, a ware makarantar da za a sauke masu gudu. Wani babba da ya kai wa takardun ko buɗe su bai yi ba. Ya ce, "Malam Lawal, wannan ai fatan tsiya ne. Tsorata jama'a kake son yi?" Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a a tsorace suke tuni. Hanya ce ba su da ita."

Ana cewa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A wurinmu karin maganar nan ta yi ƙarya, domin waɗanda suka ƙi ji suna cikin gari lafiya lau, talakawa ne suka gani.

Cikin damina ne, ranar kasuwa, bayan azahar, 'yan bindiga suka faɗa wa ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Babu mota ko ɗaya. Rafi ya kawo, jama'a suka taru a bakin kwalbatin suna turereniya. Yaya na jin labari ya hau babur. Ya goyo wata tsohuwa, Iya Hajara, ya tsallakar da ita, ya koma ya ɗauko wata mai ciki. Iya Hajara ta gaya mini ta riƙe masa riga ta ce, "Ɗan nan, kada ka koma." Ya ce, "Iya, saura Malam Audu makaho, na san gidansa." A komawar nan aka harbe shi.

Babban nan da ya kira aikin Yaya fatan tsiya ya zo ta'aziyya da rakiyar motoci, har yana tambaya ko muna da kwafin takardun. Na ba shi. Ihu bayan hari. Makon jiya na bi ta wurin, kwalbatin na nan yadda Yaya ya bar shi, sai dai ramin ya ƙara faɗi.

Da Yaya zai dawo yau, na san ba zagi zai yi ba, ba halinsa ba ne. Zai tambayi mutum nawa suka ƙaru a ƙauyukan, nawa suka koma kwana a barandar makarantu, ya sake lissafi. Ni ce ba ni da irin haƙurinsa. Ina tambayar masu ofisoshi: in ba ku san yadda za ku fitar da mutane ba, kuma kun kasa tsare su a gidajensu, aikin me kuke yi?

Abin da ya rage na Yaya ba a ofis yake ba. Direbobin yankin sun yi shawara a tsakaninsu, yanzu duk ranar kasuwa mota ɗaya ke zama a ƙauye, bi da bi, mai ita ya haƙura da cinikin ranar. Kowace unguwa ta san tsohon da za a fara ɗauka. Mai cikin nan da ya tsallakar ta haifi namiji, bana ya shiga ajina. Allah Ya jiƙan Yaya. Waɗanda suka yi masa dariya kuwa, ban yafe ba tukuna.